Babi na Bakwai: Tawaga Mai Cin Gashin Kanta

A aikin gina manhaja, tawaga mai cin gashin kanta ita ce rukunin mutane kaɗan da aka ɗora wa alhakin wata manhaja ko wani yanki nata, aka kuma bar musu shawarar yadda za su yi aikin. Su ke raba aiki a tsakaninsu, su ke ƙiyasta lokacin da zai ci, su ke duba ingancin abin da suka rubuta, idan hanya ta karkace kuma su ke miƙe ta. Babu shugaban da ke shigowa da safe yana cewa wane ya kama kaza, wance ta kama kaza. Tun farkon shekarun 2000 wannan tsari ya bazu, har kusan kowane kamfanin manhaja yana iƙirarin haka yake aiki. Sai dai faɗa daban, cikawa daban. Cire manaja daga tsakiyar tawaga ba ya kawar da aikin gudanarwa. Raba shi ake yi: wani kaso ya koma hannun 'yan tawaga, wani ya rage a hannun shugabanni. Mafi yawan matsalolin da ake cin karo da su suna tasowa ne daga rashin fayyace wannan rabo.

Asalin tsarin

Tunanin ya girmi aikin manhaja. A 1951, Eric Trist na Cibiyar Tavistock da ke Landan da abokin aikinsa Ken Bamforth, wanda shi kansa tsohon mahaƙin kwal ne, suka wallafa bincike a kan ramukan kwal na Ingila. Kafin zuwan injuna, mahaƙa na aiki ne a ƙananan rukunoni. Kowa ya iya kowane ɓangare na aikin, su ke zaɓar abokan aikinsu, kuma a dunƙule ake biyan su. Da aka kawo injuna sai aka yanyanka aikin, aka raba ma'aikata zuwa masu safe, masu yamma da masu dare, kowane kashi da abu guda da yake yi. Abin da ya biyo baya shi ne yawan fashin aiki, da ɗora wa juna laifi, da amfanin da bai kai yadda aka zata ba. A ramukan da mahaƙa suka sake haɗa kansu rukuni-rukuni tare da injunan, al'amura sun fi daidaita. Darasin da masu binciken suka fitar shi ne cewa ba a tsara na'ura a ware, a tsara zaman mutane a ware.

Kamfanin Volvo ya gwada wannan a Suwidin, a masana'antarsa ta Kalmar da aka buɗe a 1974, sannan a ta Uddevalla, inda a lokacin ƙaramar tawaga ke harhaɗa mota sukutum. A 1986 kuma wasu malamai biyu 'yan Japan, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka yi nazarin yadda kamfanoni irin su Honda, Canon da Fuji-Xerox ke fito da sababbin kayayyaki cikin sauri. Sun tarar shugabanni na ba tawaga manufa mai wuya, sannan su sakar mata mara. Sun kwatanta tsohon salo da gudun miƙa sanda, inda kowane sashe ke gama nasa ya miƙa wa na gaba, sabon kuma da wasan rugby, inda 'yan wasa ke tafiya tare suna miƙa wa juna ƙwallo.

Daga wannan nazari Jeff Sutherland da Ken Schwaber suka ɗebi ginshiƙan tsarin Scrum, wanda aka gabatar a bainar jama'a a 1995. Shekara guda bayan haka Kent Beck ya fara aiwatar da nasa salon a wani aikin manhajar biyan albashi na kamfanin Chrysler. A watan Fabrairun 2001, mutum 17 daga cikin masu irin wannan ra'ayi suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah a Amurka, suka fitar da sanarwar da ta zama tushen abin da ake kira Agile. Ɗaya daga cikin ƙa'idojinta 12 na nuna cewa tsari mafi inganci na manhaja yana fitowa ne daga tawagar da ke shirya kanta.

Dalilin da ya sa aikin manhaja ya karɓi tsarin

Tsohuwar hanyar gina manhaja mataki-mataki ce. Wani sashe ya tattara buƙatu, wani ya zana tsari, wani ya rubuta kod, wani ya gwada, kowa na miƙa wa na gabansa takardu. Winston Royce, wanda ya zayyana wannan hanya a 1970, shi da kansa ya yi gargaɗin cewa tana da haɗari, domin sai a ƙarshe ake gano kurakuran da aka tafka tun farko.

Tushen matsalar yana cikin yanayin aikin. Kwafar manhaja ba ta cin komai, saboda haka duk wahalar tana wajen ƙirƙira, kuma abin da ake ƙirƙira ba a gama sanin sa sai an shiga cikinsa. Mai buƙatar manhajar yakan gane ainihin abin da yake so ne bayan ya riƙe wani abu a hannu ya gwada. Injiniya kuma yakan gano cewa abin da aka zata na kwana biyu ne zai ci mako uku bayan ya buɗe tsohon kod ya ga abin da ke ciki. A rana ɗaya tawaga na yanke ƙananan shawarwari masu yawa, kuma sanin da ake buƙata don yanke su yana wajen waɗanda hannunsu ke cikin aikin. Idan kowace shawara sai ta hau teburin manaja ta sauko, manajan ya zama ƙofa ɗaya da kowa ke layi a bakinta, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa nisa da abin da ake tambayarsa.

Iyakar ikon tawaga

J. Richard Hackman, malamin Jami'ar Harvard da ya shafe shekaru yana nazarin tawagogi, ya kasa aikin kowace tawaga gida huɗu. Na farko aiwatar da aikin. Na biyu sa ido a kan yadda yake tafiya da gyara shi. Na uku tsara tawagar kanta: su wa za su shiga, da waɗanne kayan aiki za a ba ta. Na huɗu zaɓar alƙibla, wato abin da ake son cimma gaba ɗaya. Tawagar da manaja ke jagoranta na farko kaɗai take riƙe da shi. Mai cin gashin kanta tana riƙe da na farko da na biyu. Akwai waɗanda ake ƙara wa na uku, 'yan ƙalilan kuma, irin su abokan da suka kafa ƙaramin kamfani tare, suna riƙe da duka huɗun.

Wannan rabo yana warware ruɗani mai yawa. Yawancin tawagogin manhaja a mataki na biyu suke. Ba su ke yanke shawarar kasuwar da kamfani zai shiga ba, ba su ke yanka wa kansu albashi ba. Idan shugabanni suka ce an ba tawaga 'yanci ba tare da sun faɗi inda ya tsaya ba, abu biyu ke faruwa. Ko dai tawagar ta ɗauka wuƙa da nama na hannunta, ta yanke shawarar da za a soke daga sama, gwiwarta ta yi sanyi, ko kuma ta ji tsoron wuce gona da iri, ta koma neman izini a kan komai. Maganin duka biyun shi ne a zauna a rubuta: ga abin da tawaga za ta yanke ita kaɗai, ga wanda za ta yanke bayan tuntuɓa, ga wanda ba nata ba ne.

Ginshiƙan gina tawagar

Abu na farko shi ne yawan mutane. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani katafaren aikin manhaja a IBM, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi. Ɗaya daga cikin dalilan lissafi ne. Tsakanin mutum 5 akwai hanyoyin magana 10, tsakanin mutum 10 akwai 45, tsakanin 20 kuwa 190. Jagorar Scrum ta 2020 ta ba da shawarar mutum 10 ko ƙasa da haka. A Amazon an san ƙa'idar cewa kada tawaga ta wuce waɗanda fiza biyu za su ƙosar.

Na biyu, tawagar ta ƙunshi duk gwanintar da ake buƙata don kai aiki ƙarshe: masu rubuta kod, mai gwaji, mai zana fuskar manhaja, da wanda ya san yadda ake sakin ta ga jama'a. Tawagar da sai ta jira wani sashe ya gwada mata aikinta ba za ta iya ɗaukar alkawarin lokaci ba, domin rabin lokacin ba a hannunta yake ba.

Na uku ɗorewa. Mutane na buƙatar watanni kafin su san ƙarfin juna da raunin juna. Hackman ya sha kafa hujja da wani bincike na hukumar kiyaye haɗurran sufuri ta Amurka, wanda ya nuna kashi 73 cikin 100 na haɗurran jiragen sama da aka duba sun faru ne a ranar farko da matuƙan suka fara tashi tare. Kamfanin da ke wargaza tawaga duk ƙarshen aiki yana zubar da wannan sabo ne ya sake farawa daga tushe. Shi ya sa aka fi son a kawo wa tawaga aiki, a bar ta a haɗe.

Na huɗu manufa bayyananniya. Shugabanni su faɗi inda ake son zuwa da dalilin zuwa, su bar hanya ga tawaga. Akwai bambanci tsakanin a ce wa tawaga ta ƙara maɓalli a shafin biyan kuɗi da a ce mata masu saye da yawa na ficewa kafin su kammala biya, a rage su. Umarnin farko hannu kawai yake nema. Na biyu yana sa kowa ya yi tunani.

Na biyar tsarin lokaci da ke maimaita kansa. A Scrum ana aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata guda ba, galibi mako biyu. A farkonsa tawaga ta zaɓi abin da za ta iya daga jerin ayyukan da wakilin masu buƙata ya jera bisa muhimmanci. Kullum ana taron tsaye na minti 15. A ƙarshen zango a nuna abin da aka gina, sannan a yi zaman waiwaye don duba yadda aka yi aikin. Waɗannan tarurruka su ne ke ɗaukar nauyin sa ido da manaja ya sauke.

Taron tsaye yana tona asirin tawaga fiye da kowane rahoto. A inda cin gashin kai suna ne kawai, kowa yakan juya ya fuskanci mafi girman muƙami a ɗakin, ya zayyana abin da ya yi jiya, sauran kuma na duba waya suna jiran layinsu. A inda tsarin ya kama, allon aiki ake kallo. Mai gwaji za ta nuna cewa katunan aiki huɗu sun taru a layinta, ga shi zango ya rage kwana uku. Ba tare da kowa ya ba da umarni ba, injiniyoyi biyu su ajiye sabon aikin da suka yi niyyar ɗauka su koma taya ta gwaji, na uku kuma ya ce zai kira wakilin masu buƙata a rage wani abu daga alkawarin zangon. Taro ya watse kafin cikar minti 15, an yanke shawara uku da a da sai sun jira manaja.

Cikas daga cikin tawaga

Masu bincike na cibiyar SINTEF a Norwe, Nils Brede Moe da Torgeir Dingsøyr da Tore Dybå, sun bibiyi tawagogin manhaja da ke ƙoƙarin komawa wannan tsari, suka wallafa sakamakon a 2009. Babban tarnaƙin da suka gani a cikin tawaga shi ne kowa ya riƙe yankinsa. Wanda ya ƙware a rumbun bayanai ba ya taɓa fuskar manhaja, wanda ya rubuta wani sashe shi kaɗai ya san cikinsa. Mutane sukan fifita nasu jerin aikin a kan na tawaga, kuma idan ɗaya ya tafi hutu yankinsa ya tsaya cak. Hanyoyin da aka saba bi don karya wannan su ne rubuta kod bibbiyu a kan kwamfuta ɗaya, da bitar kod kafin a haɗe shi da sauran, da juya ayyuka da gangan ko da hakan zai rage sauri na ɗan lokaci.

Tarnaƙi na biyu yanke shawara ne. Wasu tawagogi sukan ɗauka cewa sai kowa ya amince kafin a motsa, sai a shafe kwanaki ana kai ruwa rana a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Jeff Bezos, a wasiƙarsa ta 2015 ga masu hannun jarin Amazon, ya bambanta shawarar da za a iya janyewa da wadda idan an shiga ba dawowa. Irin ta farko, wadda ita ce mafi yawa, mutum ɗaya ko biyu sun isa su yanke ta nan take. Ta biyu, kamar sauya rumbun bayanan da komai ya dogara da shi, ita ta cancanci dogon zama.

Na uku ɓoyayyen iko. Tun farkon shekarun 1970 Jo Freeman, daga abin da ta gani a ƙungiyoyin fafutikar mata a Amurka, ta yi bayanin cewa rukunin da ya ce ba shi da shugabanni yana da su, illa dai ba a zaɓe su ba kuma ba wanda zai iya tuhumar su. Kamfanin wasannin kwamfuta na Valve ya yi suna a 2012 lokacin da littafin jagorar ma'aikatansa ya fita, yana bayanin kamfani marar manajoji inda tebura ke da ƙafafun taya don kowa ya gangara zuwa aikin da ya ga dama. Shekara guda bayan haka wata injiniya da aka sallama ta bayyana cewa akwai shafaffu da mai da ke juya al'amura a bayan fage. GitHub ma ya yi shekaru ba manajoji kafin ya shigo da su a 2014. A ƙaramar tawaga abin yakan bayyana ne ta hanyar wanda ya fi daɗewa ko ya fi ɗaga murya, wanda ra'ayinsa ke zama hukunci, sauran su koma 'yan amshin shata.

Na huɗu ya fi ba da mamaki. A 1993 James Barker ya wallafa nazarin wani ƙaramin kamfanin harhaɗa kayan lantarki a Amurka da ya koma tsarin tawagogi. Da tafiya ta yi nisa, tawagogin suka kafa wa kansu dokokin da suka fi na tsofaffin shugabanni tsauri, musamman a kan makara da fashi. A da mutum ɗaya ke sa wa ma'aikaci ido, yanzu kowa ne. A aikin manhaja irin wannan matsin yana fitowa a kwana a ofis don cika alkawarin zango, da jin kunyar ɗaukar hutu, da bitar kod da ta rikiɗe ta zama cin fuska.

Shiru da faɗin gaskiya

Tawaga ba za ta gyara abin da ba a faɗa ba. Amy Edmondson ta Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci sun fi kai rahoton kuskuren ba da magani. Da ta zurfafa sai ta ga ba yawan kuskure suka fi sauran ba, rashin tsoron faɗa ne ya bambanta su. A 2012 Google ya fara nazarin tawagoginsa 180 don gano abin da ke raba masu nasara da sauran. Abin da ya zo kan gaba shi ne wannan aminci: mutum ya iya cewa bai gane ba, ko ya yi kuskure, ko bai yarda ba, ba tare da fargabar za a muzanta shi ba.

Ana ganin amfanin haka ƙarara bayan tangarɗa. A ce manhajar tura kuɗi ta tsaya da tsakar dare bayan wani sabon injiniya ya saki gyara da yamma. Wanda ke jiran ko-ta-kwana ya farka, ya mayar da manhajar yadda take kafin gyaran, komai ya dawo. Washegari hanya biyu ce. Idan aka tambayi wanda ya jawo, sunan yaron zai fito, zai sunkuyar da kai, kuma daga ranar duk wanda ya ga alamar matsala zai ja bakinsa. Idan kuwa aka jera abin da ya faru sa'a bayan sa'a, za a ga gwajin da na'ura ke yi da kanta bai rufe wannan yanki ba, wanda ya yi bitar kod yana cikin gaggawa, ƙararrawar gargaɗi kuma ta makara. Kowanne daga cikin ukun gyara ne da tawaga za ta iya yi a zango mai zuwa. Kamfanoni irin su Etsy da Google sun mayar da wannan bita marar ɗora laifi al'ada.

A wuraren da tarbiyya ta hana ƙarami musa wa babba a gaban mutane, kamar yadda yake a ƙasar Hausa da sassa da yawa na Afirka da Asiya, abin na buƙatar ƙarin dabara. Matashin da ya ga aibi a tsarin da babban injiniya ya kawo zai iya cewa “To, Yallaɓai” ya yi shiru. Tawagogi kan rage wannan ta hanyar sa kowa ya rubuta ra'ayinsa a takarda kafin a fara magana, da barin manya su yi magana a ƙarshe, da kuma babba ya fara ambaton nasa kuskuren.

Cikas daga wajen tawaga

Binciken Norwe ya nuna cewa akwai kuma tarnaƙin da ke fitowa daga kamfani, wanda ba ya hannun tawaga. Na farko raba mutum ɗaya tsakanin ayyuka da yawa. Injiniyan da ke cikin tawaga uku ba ya cikin ko ɗaya, kuma duk wanda ya fi matsa masa shi ke samun lokacinsa. Kusa da wannan akwai aikin bayan fage, inda wani darakta zai tare injiniya a baranda ya roƙe shi ya ɗan duba masa wani abu, alkawarin zango ya rushe ba wanda ya san dalili.

Na biyu matakan neman izini. Nicole Forsgren da Jez Humble da Gene Kim, a littafinsu na 2018 da ya tattara binciken shekaru, sun nuna cewa kwamitin waje da ke amincewa da kowane sauyi yana jinkirta aiki ba tare da ya rage tangarɗa ba. Bita tsakanin 'yan tawaga haɗe da gwajin na'ura ta fi shi amfani.

Na uku lada. Idan ana cewa a yi aiki tare amma ƙarin girma na bin ƙwazon mutum ɗaya, mutane za su bi inda kuɗi yake. Microsoft ya daɗe yana jera ma'aikata daga na sama zuwa na ƙasa, ta yadda dole wasu su faɗo ƙasa ko da duk tawagar ta yi ƙoƙari. Ya soke tsarin a 2013.

Na huɗu ma'auni. Tawagogi kan ba ayyuka maki don ƙiyasta abin da zango zai ɗauka. Da zarar shugabanni suka fara gwada tawaga da tawaga da waɗannan maki, sai makin ya kumbura, aikin bai ƙaru ba. Ma'aunai huɗu da Forsgren da abokanta suka gabatar sun fi wuyar murɗawa: yawan sakin manhaja, tsawon lokaci daga rubuta sauyi zuwa isarsa ga jama'a, kason sauye-sauyen da ke jawo tangarɗa, da saurin farfaɗowa bayan ta faru.

Aikin da ya rage wa manaja

A farkon shekarun 2000 Google ya gwada cire manajojin injiniyoyi baki ɗaya. Gwajin bai wuce 'yan watanni ba, domin ƙorafe-ƙorafe da saɓani da tambayoyin kuɗi duk sun koma kan waɗanda suka kafa kamfanin. Daga baya, a wani bincike da ya fara a 2008, kamfanin ya tabbatar cewa manajoji na da tasiri, ya kuma fitar da halaye takwas na nagari. Iya horarwa da ba tawaga iko ba tare da katsalandan ba su ne a sama. Ƙwarewar fasaha ta zo ta ƙarshe.

Aikin manaja a wannan tsari ya koma gefen tawaga. Shi ke ɗaukar ma'aikata, ya samo kuɗi da kayan aiki, ya kawar da cikas ɗin da ke fitowa daga wasu sassa, ya tare buƙatun bayan fage, ya kula da ci gaban kowane mutum. Shi ne kuma ke ɗaukar abin da tawaga ba ta iya ɗauka: rikicin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da ma'aikacin da ya kasa bayan an ba shi dama. Barin irin wannan ga abokan aiki zalunci ne gare su.

Mafi wuya shi ne sanin lokacin tsoma baki. Manajan da ya ga tawaga za ta yi kuskure mai araha ya fi kyau ya yi tambaya ya bar ta ta koya. Idan kuskuren zai taɓa kuɗin jama'a ko bayanansu na sirri, shiru sakaci ne. Yawancin manajoji tsofaffin injiniyoyi ne da aka ɗaga saboda iya warware matsala, don haka riƙe hannu yana yi musu nauyi, wasu kuma na ganin sauyin a matsayin rage musu daraja. Kamfanin da bai bayyana musu sabon aikinsu ba, bai kuma auna su da shi ba, zai tarar sun koma tsohon hali da zarar wa'adi ya matso.

Idan tawagogi suka yi yawa

A 1968 Melvin Conway ya lura cewa fasalin manhaja yakan kwaikwayi yadda mutanen da suka gina ta ke magana da juna. Abin da ke bin bayan haka shi ne 'yancin tawaga ya dogara da yadda aka yanka manhajar. Tawagogi goma da ke taɓa dunƙulallen kod ɗaya dole su jira juna. Amazon ya raba manhajarsa zuwa ƙananan sassa masu magana da juna ta ƙayyadaddun ƙofofi, kowane sashe da tawagarsa, kuma a 2006 babban jami'in fasaharsa Werner Vogels ya bayyana ƙa'idar cewa wanda ya gina abu shi ke kula da shi bayan an sake shi. Wanda ya san shi za a tasa da dare yakan fi kula da ingancin abin da ya rubuta.

A 2012 Henrik Kniberg da Anders Ivarsson suka bayyana yadda Spotify ya tsara ƙananan tawagoginsa cikin manyan rukunoni, tare da zaurukan da ke haɗa masu sana'a ɗaya daga tawagogi daban-daban. Kamfanoni da yawa sun kwafi sunayen da zanen, alhali marubutan sun ce hoton wani lokaci ne kawai, kuma wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin sun ce ko a can bai tafi yadda aka zana ba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne kafa tawaga ta musamman da ke samar da kayan aikin bai-ɗaya, kamar hanyar gwaji da sakin manhaja, tare da 'yan ƙa'idoji kaɗan na tsaro da kowa zai bi.

Miƙa iko daki-daki

Ba a wayi gari a ce wa tawaga ta ci gashin kanta. Sabuwar tawaga, ko wadda yawancinta sababbin hannu ne, tana buƙatar jagora na kusa da farko. Akan fara miƙa mata rabon aiki da ƙiyasin lokaci, sannan zaɓin dabarun fasaha, sannan ikon sakin manhaja, daga baya a sa ta cikin tantance waɗanda za a ɗauka. Kowane mataki yana tafiya da bayanan da ake buƙata don riƙe shi, kamar ƙorafin masu amfani da manhajar da kuɗin da ake kashewa, domin iko ba tare da bayani ba caca ne. A fannonin da doka ta wajabta binciken waje, irin su manhajar jiragen sama, na'urorin asibiti da bankuna, iyakar ikon takan fi ƙunci, kuma akan shigar da sharuɗɗan doka cikin ma'anar kammala aiki tun farko. Ana gane tsarin ya kafu idan manaja ya yi tafiyar mako biyu aiki bai tsaya ba, mummunan labari na isa sama da wuri, kuma abin da aka yanke a zaman waiwaye ana ganin sa a zango na gaba.